Ɗakin Gero a Nubel

A Bonaberi ƙasa ta ƙare mini. Motar da ta ɗauko mu daga Kumba ta sauke mu a bakin ruwa, direba ya nuna ƙetare da haɓarsa ya ce ga Duwala can. A lokacin gada ba ta haɗe ba, ƙafafunta ne kawai a tsaye cikin kogi, sai a jirgin fito ake hayewa. Ni ɗan Yawuri ne, a bakin Kwara aka yanke mini cibiya, ruwa bai taɓa ba ni tsoro ba. Amma da na ɗebi na wannan kogin, Wuri, a tafin hannu na kai baki, sai na ji gishiri-gishiri. Na ce a raina, to Umaru, ka zo inda ba ka sani ba.

Tun ban shiga jirgi ba aka cuce ni. Wani mai kwat da Hausa a karye ya kira ni ɗan'uwa, ya ce sulallan Ingilishi ba sa ci a ƙasar Faransi. Na kwance lalitata na ba shi, ya cika mini hannu da takardu. Ban taɓa riƙe takardun kuɗi masu yawa haka ba, har godiya na yi masa sau biyu. A ɗaya ƙetaren kuma wata tsohuwa mai tuyar makala, wato fankensu, ta ga ina ta waige-waige da tabarma a ka. Ta miƙo mini biyu a ganye, ta ƙi karɓar kuɗi, ta nuna hanya da ludayi tana cewa, "Hausa, Nubel, Nubel." Har yau ban san sunanta ba, amma tana cikin addu'ata.

A unguwar Nubel gidan Baba Sule mai goro aka kai ni, shi ne mai saukar baƙin da suka fito daga wajenmu. Ya duba takardun da aka canza mini, ya jera su a kan buzu.

"Rabi ya ba ka," in ji shi. "Ka gode wa Allah, mai tausayi ka haɗu da shi."

Mutanen zaure suka fashe da dariya. Ni ban yi ba. Tun daga ranar na ƙulla a raina cewa babu wanda zai ƙara riƙe mini ko anini a garin nan. Wannan ƙulli shi ya kai ni inda ya kai ni.

Na baro matata Hajara da 'yarmu Asabe a gidan wana. Abin da ya fito da ni ke nan: in sami abin da zan ajiye su a ƙarƙashin rufina. Mahaifinmu, Allah ya jiƙansa, bai taɓa yarda ɗansa ya ajiye mace ba sai ya leƙa rumbunsa ya ga hatsin shekara. Nawa rumbun ambaliya ta tafi da shi tare da gonar. Don haka na rantse ba zan aika su zo ba sai na tara abincin da za su tarar.

Na fara da dako a kwata, buhunan koko da siminti. Ina cikin haka wata rana wani Bafillacen Garwa mai suna Hammadu ya shigo zauren Baba Sule. Direba ne a ofishin masu awon ruwa. Ya ce Baturensu yana neman wanda ya iya kwalekwale, na da ya gudu.

"Ruwan ma awo ake yi?" in ji Baba Sule. "Da mudu ko da tiya?"

"Da ƙarfe, Baba. Kuma fandimuwa ake biya, ba kullum-kullum ba." Ƙarshen wata ke nan da Faransanci. Ya dube ni sama da ƙasa. "Kai Kaɗo, ka iya ruwa, ko a baki ne?"

Na ce ya kai ni ya gani.

Baturen dogo ne siriri, lofe ba ya barin bakinsa ko babu wuta a ciki, shi ya sa muke ce masa Mai Lofe. Aikin kuwa ga yadda yake. Za a ja waya daga wannan gaɓa zuwa waccan. Ni zan riƙe kwalekwale a jikin wayar, in tsayar da shi cak a kan kowace alama. Shi kuma ya zura wani ƙarfe mai kamar kifi, da 'yar farfela a hancinsa. Ruwa na juya farfela, ƙararrawa na bugawa a cikin akwati, yana duban agogo yana rubutu. Daga nan suke sanin yawan ruwan da kogi ke wucewa da shi, don masu gina gada da masu wutar lantarki. In kwalekwale ya karkace, awo ya ɓaci, sai a sake.

Ranar farko na riƙe shi kamar an kafa shi da ƙusa. Mai Lofe ya gyaɗa kai. Da azahar na ɗaure jirgin tamau a jikin turke, na tafi salla. Ko da na dawo, ruwa ya janye ya tafi can nesa, jirgi kuwa ga shi a rataye da hanci sama, gindinsa cikin laka, kayan awo sun gangara baya. Na tsaya baki buɗe. A Yawuri kogi sau ɗaya yake cika a shekara, sannan ya yi wata da watanni yana sauka. Hammadu ya riƙe ciki don dariya.

"Kaɗo, wannan kogin numfashi yake yi! Sau biyu a yini yake shiga ya fita. Sassauta igiya ake yi."

Mai Lofe bai kore ni ba. Ya zana mini wata da teku a kan laka da tsinke, ban gane zanen ba, amma na gane igiyar. Da a ce na ɗauki darasin nan na shimfiɗa shi a kan sauran al'amuran garin, da na huta. Sai na bar shi a bakin ruwa.

Da aka ba ni albashin farko na aika gida a gaya wa Hajara na zama ma'aikacin gwamnati. Faranka, kuɗin ƙasar, tana da daɗin faɗi, lambarta babba ce. Sai da na fara kashewa na san nauyinta. A Duwala komai saye ne. Itacen girki saye, ganyen da za a ƙunshe maka abinci ma yana cikin kuɗin. Ruwa na zuba daga sama kwana da kwanaki ba ɗaukewa, amma na sha sai ka bi layin famfo ko ka biya mai garwa. Kifin da a gida maƙwabci zai jefo maka ta kan danga, a nan sai ka yi ciniki har murya ta dushe. Riga ba ta bushewa, takalmi yana yin fumfuna a ƙarƙashin gado, sabulu da kananzir kullum a ƙare suke.

Ba ni kaɗai ba. Akawun ofishinmu, mai ɗaure wuya da laktaye, kafin wata ya mutu gyaɗa da ayaba yake ci a bayan kabad. Shi kansa Mai Lofe kullum cikin ƙorafi yake, Hammadu na fassara mana: wai man shanun gwangwani da ke zuwa a jirgin ruwa ya yi tsada, wai abokansa da ke ƙasarsu sun fi shi ajiya. Alhali shi har kuɗin zafin rana ake ƙara masa. Mu da muke tsaye cikin ranar ba a ƙara mana.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne abinci. Akwai wani tuwon rogo da suke naɗewa a ganye, siriri kamar igiya, miyondo. Warinsa kaɗai ya isa ya kore ni. Gero da dawa kuwa daga arewa ake kawo su, a mota har Yawunde, sannan a jirgin ƙasa, kafin su iso sun zama abincin masu hali. Inna Kulu, uwargidan Baba Sule, ran Juma'a kaɗai take tuƙa tuwon dawa. Nakan ci ina hawaye, in ce yaji ne. Na riƙa tunanin Hajara, wadda ba ta taɓa wuni ba fura ba. Yaya zan kawo ta ta ci igiyar rogo?

Inda kuɗin aikin yake shi ne daji. In aka fita rangadi, kowane kwana akwai kuɗin daji a kan albashi. Kuma ba da rani aka fi fita ba, sai lokacin da koguna suka cika suka haukace, don awon da suka fi so ke nan. A kogin Sanaga, sama da garin Edeya, na ga ruwan da ban taɓa gani ba. Ja wur, yana tafe da itatuwa ɗungum da saiwoyinsu. In ka hango ɗaya ya nufo waya, sai ka yi ihu a saki, in ba haka ba ya kwashe ku duka. Sauran ma'aikata suna neman uzuri, wannan ciwon ciki, wancan rasuwa. Ni kuwa duk fitar da za a yi ina gaba. Kuɗin dajin ban taɓa ko ɗaya ba, na ɗinke su cikin matashin kai.

Da suka taru na kama ɗaki a can ƙasan unguwa, kusa da wani rafi, don ya fi araha. Na gaya wa Baba Sule zan cika shi da gero da dawa, yanzu da kakar arewa ta iso farashi ya faɗi, sannan in aika Hajara ta taho.

Ya ɓare goro, sannan ya dube ni.

"Umaru, nan ba a ajiye hatsi. Ka ga rumbu ko ɗaya tun da ka zo? Mu nan kwanon rufi muke saye mu jingine, ko keken ɗinki. Abin da danshi ba ya ci. In ba ka so, kawo in juya maka a goro."

Da na ji "kawo", sai mai kwat na Bonaberi ya faɗo mini a rai. Na ce, "Baba, kwano ba a tuƙa shi."

"Haka ne," in ji shi. "Allah ya sa albarka."

Na saya. Buhu a kan buhu, tun daga ƙasa har kusa da rufi, sai ɗan wurin shimfiɗa tabarma. Ranar na zauna ina shaƙar ƙamshin, na ji kamar ina gidanmu. Na ba fataken goro saƙo da kuɗin mota, cewa bayan Babbar Salla su taho mini da iyalina.

Ruwa na sauka sosai aka ce za mu fita dogon rangadi, har wajen Yabasi da gaba. Ana gobe za mu tashi Inna Kulu ta aiko a kira ni. Tana tankaɗe a tsakar gida.

"Ɗan nan, ka bar mini mabuɗin ɗakin. Duk ranar da rana ta leƙo in sa a buɗe, a juya buhunan, a ɗora su a kan katako. In na ga wanda zai lalace in dama kunu in sayar, in ajiye maka kuɗinka."

Na sunkuyar da kai na ce, "Inna, kada in ɗora miki wahala."

Ta dakata da tankaɗen ta dube ni. Matar da ta ciyar da ni wata da watanni ba ta taɓa tambayata ko sisi ba. Ta gane abin da nake nufi sarai.

"To," ta ce. "Allah ya kiyaye hanya."

Na koma na toshe taga da tsumma da laka saboda ɓeraye, kamar yadda muke liƙe bakin rumbu a gida. Na sa kwaɗo babba, na rataya mabuɗin a wuyana. Duk tsawon rangadin nan, in na ji sanyinsa a ƙirjina sai in ji daɗi.

Mun yi kusan wata biyu. Ranar da muka dawo Hammadu ya sauke ni a bakin lungu. Tun daga nesa na ji wari, tsami-tsami kamar na tsohuwar gasara. Maƙwabta suna ganina suna kau da kai. A jikin bango ga alamar inda rafi ya hau ya sauka, daidai ƙwaurina. Ni da nake yawon auna ruwan ƙasar mutane, ban taɓa tsayawa na dubi bangon ɗakina ba. Na buɗe kwaɗo, ƙofa ta ƙi turuwa, sai da na sa kafaɗa.

Zafi ya bugi fuskata kamar na buɗe tukunya. Buhunan ƙasa sun kumbura sun fashe, sun zama baƙar laka. Na sama sun yi fumfuna fari da kore. Na tsakiya kuwa sun tsira, fararen saiwoyi sun huda buhu sun sarƙe da juna, wasu har da ɗan ganye rawaya, suna miƙewa wajen tagar da na toshe. Gona ce ta fito a cikin duhu. Na zauna a bakin ƙofa. Hajara kuwa a lissafina ta riga ta baro gida.

Kafin la'asar labari ya zaga. Sai ga wata mata ta zo, 'yar arewa ce mai dafa giya a bayan layin dogo. Ta shiga ta damƙi tsiron ta shinshina, ta ce wannan shi take nema, ita da kanta sai ta jiƙa dawa ta jira ta tsira. Ta faɗi kuɗin da za ta ba ni. Ya isa in biya haya in sayi katifa da tukwane, in tari iyalina kamar mutum. Ba zan ɓoye ba, ban ce mata a'a nan take ba. Na ce ta dawo da safe.

Daga nan gidan Baba Sule na nufa, ban tsaya a zaure ba, na yi sallama na shiga wajen Inna Kulu. Na ciro mabuɗin daga wuyana na ajiye a gabanta. Na durƙusa.

Ta dubi mabuɗin. "Yanzu da ba abin sata a ciki?"

"Inna, ki yafe mini."

"Tashi, tashi, kada ka jiƙa mini gari. Da gaske ne mai giya ta je?"

Na ce ta je.

"Da kuɗin giya za ka sayi tukunyar da 'yarka za ta ci a ciki? Ita kaɗai ta san amfanin tsiro? Da me kake tsammani muke zaƙaƙa kunun zaƙi? Je ka nemo amalanke."

Washegari da mai giya ta dawo ta tarar muna fitar da kaya. Na ce mata na fasa. Ta yi tsaki ta ce talaucin Bahaushe da girman kai yake tafe, ta wuce. Mafi yawan hatsin rami muka haƙa muka binne. Tsiron da bai yi fumfuna ba Inna Kulu ta tsince da hannunta, da ita da matan gidan. Rana babu, sai Baba Sule ya roƙi mai gidan burodi ya bar mu mu shanya a kan tanderunsa bayan an kwashe. A kan kwanon rufin Baba Sule muka shanya, irin wanda ya ce in saya. Bai taɓa tuna mini ba. Da ya tuna mini ma da ya fi mini sauƙi.

Abin da aka tsira da shi bai kai kashi ɗaya cikin goma ba. Inna Kulu ta riƙa dama kunu, ni kuma ran Lahadi da ba aiki in ɗauki tulu a ka in kai kwata, wurin 'yan dakon da na baro. Suna ta yi mini tsiya: "Ma'aikacin gwamnati, zuba na dala!" Ina zubawa. Na je na sami Mai Lofe na ce duk fitar da za a yi a sa ni, ko ta kwana ɗaya ce. Na saki ɗakin rafi na kama wani a tudu, ƙarami, na ɗora gado a kan bulo. Na sayi tukunya ɗaya da tabarma sabuwa. Gero kuwa, mudu biyu na iya saya.

Da hantsi suka iso, ranar wata Talata, a jirgin fito. Asabe ta yi wayo, ta ɓuya a bayan uwarta ba ta san ni ba. Hajara ta rame, ƙafafunta sun kumbura da zaman mota. A hanya na kasa daurewa, na gaya mata komai, tun daga buhun farko har ramin da muka binne. Muka shiga ɗaki. Ta dubi gado, ta dubi tukunya, ta ɗaga ƙullin geron ta auna shi a hannu ta ajiye.

Sai ta kwance ƙunshinta ta fito da miyondo guda uku da soyayyen kifi, ta ce a Kumba matar da suka kwana a gidanta ta ba su guzuri. Ta warware ganyen, ta gutsura ta ba Asabe, yarinya ta karɓa tana ci kamar da shi aka yaye ta. Ita ma ta kai baki.

Na ce, "Kina iya cin wannan?"

"Malam, tun daga Kalaba shi muke ci. Da yaji yana da daɗi." Ta miƙo mini guda. "Wa ya ce maka gero na zo ci?"

Na karɓa. Warin yana nan yadda na san shi. Na ci duka, har da na biyu.

Da muka gama ta tashi ta shafa bango da tafin hannu, ta duba danshin da ya biyo yatsunta.

"Wannan tagar me ya sa take rufe?"

Na ce saboda ɓarayi.

"Me za su ɗauka?" Ta ture ta da gwiwar hannu, iska ta shigo da ƙamshin tuyar wani gida. Sannan ta miƙo hannu. "Kawo mabuɗin. In za ni kasuwa in bar wa tsohuwar nan da ka ce, ta riƙa leƙowa."

Na cire mabuɗin sabon ɗakin daga wuyana na ba ta. Na ƙara shekaru masu yawa ina riƙe kwalekwale a jikin waya, albashin bai taɓa kai mu ƙarshen wata ba sai da kunun Hajara. Amma ban sake rataya mabuɗi a wuyana ba. A ƙusar ɗakin Inna Kulu yake kwana, har ranar da muka ɗauke ta zuwa makwancinta.